'Yata tana karatu kullum amma sakamako ba ya kyau: waya zan saya mata ko lesin zan sa ta?

Wata uwa daga Daura ta aiko da tambaya: "Malam, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Burinta ta karanci aikin jinya ko likitanci. Ba ta da wasa, kullum da dare tana kan littafi, amma sakamakon zangon da ya wuce ya tayar mini da hankali, musamman Lissafi da Kemistiri. Wasu sun ce in saya mata babbar waya, wasu sun ce in sa ta lesin. Ƙarfina bai kai duka biyun ba. Da wanne zan fara?"

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya yi wa yarinya albarka. Ni malamin Kemistiri ne a nan Katsina, na kuma sha zama wurin makin takardun jarrabawar gama sakandare, don haka abin da zan faɗa miki abin da nake gani ne a aji da kuma kan takardun yara. Shawarata ita ce kada ki fara da ko ɗaya daga cikin biyun. Ki riƙe kuɗinki na mako biyu tukuna, a gano inda matsalar take. Yarinyar da ke karatu kullum amma ba ta ci, ba ƙarin kaya take buƙata da farko ba. Akwai abin da ya karkace a yadda take karatun, ko kuma akwai giɓin da ta taho da shi tun daga ƙaramar sakandare, kuma waya ba ta gyara ko ɗaya daga cikinsu.

Na yarda tana kan littafi. Abin tambaya shi ne, me take yi da shi? Mafi yawan ɗalibanmu, idan sun ce suna karatu, buɗe littafin rubutu suke yi su bi shi da ido, su ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi, wani lokaci su sake kwafe shi a sabon littafi da kyakkyawan rubutu. Idan ta maimaita haka sau uku, shafin zai zama sananne a idonta, sai ranta ya ba ta cewa ta iya. Ranar jarrabawa kuwa ba shafin za a nuna mata a ce ko ta gane shi ba. Farar takarda za a ba ta a ce ta fito da abin daga kanta, kuma wannan aiki ne da ba ta taɓa gwadawa ba ko sau ɗaya a cikin dararen da ta raya.

Ke kin san yadda ake hadda a Islamiyya. Ba a cewa yarinya ta haddace shafi don ta kalle shi sau goma. Rufe Alƙur'ani take yi ta kawo da ka, wani yana riƙe da shi yana gyara mata. Gobe kafin a yi mata ƙari sai ta biya na jiya, kuma akwai ranar da ake komawa izun baya don kada su zube. Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu sun isa ga wannan hanya ta nasu ɓangaren. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awoyi da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma duk sa'ad da aka dawo kansa bayan ɗan lokaci sai ya ƙara daɗewa a kai. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa ƙoƙarin tuno abu ba tare da dubawa ba ya fi sake karanta shi zaunar da shi. Ba ina nufin ta haddace Kemistiri kamar sura ba, domin wannan fahimta yake so. Abu biyu za ta aro: rufe littafi, da komawa baya a kai a kai.

Ga yadda za ta yi. Ta karanta darasi ɗaya na kamar minti 20, ta rufe littafin, ta ɗauki takarda ta rubuta duk abin da ta tuna, ta zana hoton da ke ciki, ta amsa tambaya uku ko huɗu a kansa. Sannan ta buɗe ta gyara da jan biro. Gobe ta ba wannan darasin minti biyar kafin ta shiga sabo, ta sake dawowa kansa bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. A kwanakin farko za ta ji kamar ta koma baya, don za ta ga abin da ta zata ta sani ashe bai zauna ba. Ki gaya mata tun yanzu cewa wannan wahalar ita ce karatun, kada ta karaya.

Ke ma kina da aiki a nan, ko da ba ki yi boko mai zurfi ba. Ki zaunar da ita ta yi miki bayani da Hausa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Me ya sa ƙarfen da aka bari a tsakar gida yake saurin tsatsa da damina fiye da lokacin hunturu? Duka biyun suna cikin darussanta. Idan ta iya gaya miki cewa ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafi, to ta gane. Idan ta ce miki ai da Turanci kawai ta san shi, to kalmomi ta haddace, ba ta san abin da ke ƙarƙashinsu ba. Wannan gwajin nake yi wa ɗalibaina a aji, kuma da wuya ya ɓoye mini gaskiya.

Sai batun giɓi. Kin ambaci Lissafi da Kemistiri tare, kuma ban yi mamaki ba, domin sau da yawa matsala ɗaya ce ta fito ta ƙofa biyu. Bari in ba ki misali daga abin da 'yan aji biyu ke yi. An narkar da giram 4 na sinadarin NaOH a ruwa har ya kai 250 cm³, aka ce a nemo ƙarfinsa. Ɓangaren Kemistiri ɗan kaɗan ne: nauyin mol ɗaya, wato ma'aunin da ake auna yawan sinadari da shi, giram 40 ne, saboda haka akwai mol 0.1, kuma 250 cm³ daidai yake da 0.25 dm³. Abin da ya rage shi ne a raba 0.1 da 0.25 a sami 0.4. A nan ne nake ganin yara da yawa sun tsaya cik. Sun san fomula, sun rubuta ta daidai, amma raba lamba mai ɗigo ya gagare su. Irin wannan yarinya ko shekara ta yi a lesin ɗin Kemistiri ba za ta motsa ba, don abin da ya kayar da ita darasin aji ɗaya ne na ƙaramar sakandare.

Saboda haka a cikin mako biyun nan ki nemo mata tsofaffin tambayoyin Lissafi na jarrabawar gama aji uku na ƙaramar sakandare, ta zauna ta yi su da agogo, ba kalkuleta, ba mai taimako. Malamin Lissafinsu ko wani yayanta ya duba. A lura da abu biyar: ɓangarorin lamba, lamba mai ɗigo, lamba mai alamar ragi a gaba, kason ɗari da rabo, da juya fomula a fito da harafin da ake nema. Duk wanda ta yi rauni a kai, a ba shi rabin awa kullum har wata guda. Kada ta ji kunyar ɗaukar littafin ƙanenta. Na ga yaran da wata ɗaya na irin wannan gyara ya ɗaga musu Lissafi da Fiziks da Kemistiri a lokaci guda.

Gwaji na biyu na Turanci ne, kuma a ganina ya fi na farko muhimmanci. In ban da Hausa da Larabci, kowane darasi da Turanci za a tambaye ta, da shi kuma za ta amsa. Ki ba ta shafi ɗaya daga littafin Bayoloji wanda ba a kai ga koya musu ba, ta karanta a bayyane, sannan ta faɗi abin da ya ƙunsa da Hausa. Idan tana tuntuɓe a kowane layi, ko ta karanta sumul amma ta kasa faɗin abin da aka ce, to kin gano babbar matsalar. Maganinta karatu ne mai yawa na abin da ba littafin makaranta ba: littafin labari mai sauƙi, tsohuwar jarida, labaran Turanci a rediyo, minti 20 kullum ba fashi, da ƙaramin littafi da take tara sababbin kalmomi tana sa kowace a jimla. Ta kuma san bambancin kalmomin umarni da ake buɗe tambaya da su. Idan aka ce "state", faɗa kawai ake so. Idan aka ce "explain", sai ta kawo dalili. Yara suna cika rabin shafi inda layi ɗaya ya isa, su kuma rubuta kalma biyu inda ake neman bayani, makin ya tafi alhali sun san amsar.

Kafin in wuce, ki tambaye ta ko tana ganin allo sosai daga inda take zama. Azuzuwanmu cike suke, kuma akwai yaran da ake yi wa kallon marasa ƙoƙari alhali tabarau kawai suke buƙata. Gwajin ido a asibiti ba abu ne mai tsada ba.

Yanzu ga kayan karatu, bisa jerin da zan bi da kuɗina ne. Na farko kyauta ne: silabos na WAEC da NECO da na JAMB. Shi ne ke faɗin abin da za a tambaya, kuma malamansu suna da shi, ana kuma iya sauke shi daga intanet a buga a shagon kwamfuta. Ta manna jerin darussan a bangon ɗaki, tana sa alama a kan wanda aka koyar da wanda ta gwada kanta a kai. Wannan yana da amfani ƙwarai domin makarantu da yawa ba sa gama silabos kafin jarrabawa, kuma gara ta san abin da aka tsallake tun tana aji biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu littafi ɗaya mai kyau a kowane darasi, ko da na hannu ne. A Kemistiri yawancinmu da littafin Ababio muka tashi, kuma har yanzu yana aiki. A Lissafi akwai New General Mathematics. Ki nemi 'yan unguwa da suka gama bara, sau da yawa littattafansu suna nan jibge a kan sif ko a cikin akwati. Ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta suna da amfani wajen bita, amma ba sa koyar da wanda bai gane ba tun farko. Ta kuma tambaya ko makarantarsu na da ɗakin karatu ko littattafan da ake ba da aro. Jihar Katsina tana cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda ake yi da Bankin Duniya, don haka ba laifi ki je da kanki ki tambayi shugabar makaranta ko akwai abin da ya shafi 'yarki a ciki.

Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, tsofaffin tambayoyin jarrabawa na shekarun baya. Amma akwai yadda ake amfani da su. Yara suna karanta tambaya, su leƙa amsa a bayan littafi, su gyaɗa kai su wuce. Wannan ɓarnar littafi ce. A aji biyu ta riƙa zaɓo tambayoyin da suka shafi darasin da aka gama a makon, ta amsa a rubuce kafin ta duba. A aji uku ta koma yin takarda sukutum da agogo. Ta kuma ware littafi guda na kurakurai: duk tambayar da ta faɗi ta rubuta ta, ta rubuta dalilin faɗuwar, ko rashin sani ne, ko rashin fahimtar tambaya, ko garaje. Kafin jarrabawa wannan littafin ya fi kowanne daraja, domin ita kaɗai aka rubuta wa shi. Ta sani kuma amsoshin da ke bayan irin waɗannan littattafai ba hukumar jarrabawa ce ta rubuta su ba, ana samun kuskure a ciki. In ta ga amsa ta saɓa wa littafin darasi, ta kai wa malami.

Akwai wata taska da ɗalibai kaɗan suka sani. Bayan kowace jarrabawa manyan masu makin WAEC suna rubuta rahoto a kan kowace tambaya: abin da ake so a amsa, da inda yara suka yi ta kuskure. Hukumar tana sa wannan a shafinta na intanet na koyo, kyauta, darasi bayan darasi, shekara bayan shekara. Wanda ya karanta rahoton shekara uku a darasi ɗaya zai ga kurakuran nan su ne dai suke ta dawowa.

Bari in faɗa miki kaɗan daga cikinsu, don nan ne maki ke zubewa a banza. A takardar Lissafi ta biyu ana ba da tambaya 13 a amsa 10, biyar na farko dole ne. Ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Yarinyar da ta nuna aikinta layi bayan layi ta yi kuskure a ƙarshe za ta kwashi mafi yawan makin, wadda kuwa ta rubuta amsa tsura tana iya tashi da kaɗan ko ba komai. A Turanci, insha'i yana da maki 50, ana son kalma kusan 450, kuma 10 daga cikin makin na ƙa'idojin rubutu ne, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Kuskure 20 ke nan sun share wannan kason gaba ɗaya, kuma yawancinsu ƙanana ne: babban harafi a farkon jimla, aya a ƙarshe, haɗa jam'i da aikatau na tilo. Ta riƙa rubuta insha'i ɗaya duk mako tana kai wa malamin Turanci. Akwai kuma takardar furuci, inda mu Hausawa muke da sanannen rauni wajen rarrabe sautin p da f, da na b da v. Wannan da kunne ake gyara shi, ba da ido ba.

Firaktikal kuma shi ne abin da ya fi damuna game da 'yan kimiyya. Akwai yaran da ba sa taɓa kayan ɗakin gwaje-gwaje sai ana saura mako biyu jarrabawa. A Kemistiri za a ba ta dogon bututun gilashi mai awo ta riƙa ɗiga asid cikin ruwan alkali har launi ya juya, ta rubuta awon da lamba biyu bayan ɗigo, kuma awon da za ta haɗa ta fitar da matsakaici kada su yi nisa da juna fiye da 0.20 cm³. Wannan hannu ne ke koyonsa. A Fiziks akwai maki a kan giraf: ta sa suna da ma'auni a kowane gefe, ta zaɓi sikeli da zai ci aƙalla rabin takardar, ta ja layi da rula. A Bayoloji zane da fensir ne, da take, da layukan nuni da ba sa gicciye juna, kuma sunan da aka rubuta ba daidai ba ba ya samun maki. Ku iyaye kuna da bakin magana a nan. A taron iyaye da malamai ku tambaya sau nawa 'yan aji biyu suka shiga ɗakin gwaje-gwaje a zangon nan. Tambayar kaɗai tana motsa abubuwa.

To, lesin fa? Yana da amfani idan an san abin da aka je gyarawa. Idan gwajin nan ya nuna raunin Lissafi ne, ki nemi mai koya mata Lissafi kaɗai, na wata biyu ko uku, ita da ƙawayenta biyu ko uku ku raba kuɗin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne lesin ɗin da ake tara yara cike da ɗaki, malami yana rubutu a allo suna kwafa. Wannan ajin safe ne aka maimaita da yamma, ga gajiya, ga kuɗin mota. Kafin ki biya, ki tambayi abu biyu: yara nawa ne, kuma yana ba su aiki ya duba na kowa da hannunsa? A Daura ba za ki rasa mai taimako ba. Akwai ɗalibai mata a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, da Kwalejin Yusufu Bala Usman, da makarantar koyon aikin lafiya, ga kuma 'yan bautar ƙasa. Ga 'ya mace na fi son a sami mace, a kuma yi karatun a cikin gida inda idonki yake.

Ƙungiyar karatu ta ƙawaye ma tana aiki, in ba su wuce huɗu ba kuma kowa ta zo da darasin da za ta koya wa saura. Wadda ta koyar ita ta fi ƙaruwa.

Waya ita ce ta ƙarshe a jerina, ba don ba ta da amfani ba. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ne, an gina shi a kan manhajar makarantunmu, har da darussa cikin Hausa. Akwai Khan Academy, shi ma kyauta, yana da kyau ƙwarai wajen gyara tushen Lissafi, sai dai ba tsarin silabos ɗinmu yake bi ba. A YouTube za ta ga gwaje-gwajen da makarantarsu ba ta da kayan yi. Amma duk wannan wayarki ko ta yayanta ta isa, awa ɗaya sau uku a mako, a falo, a sauke bidiyon da ake so a kashe data. Wayar da ta zama tata ita kaɗai, take kwana da ita, na sha ganin yadda take cinye daren yara masu ƙoƙari, TikTok da hira har ƙarfe ɗaya. Kallon bidiyon darasi ma yana da irin tarkon da na faɗa a baya: mai bayani ya warware lissafi sumul, ita kuma ta ji kamar ita ta yi. Dole bayan kallo ta ajiye wayar ta yi irinsa da hannunta. Manhajojin nan masu amsa tambaya, irin su ChatGPT, suna iya yi mata bayani ta hanya mai sauƙi, amma suna kuskure suna kuma faɗinsa da cikakken ƙarfin gwiwa, don haka littafi ne alƙali. Kuɗin wayar, da ni ne, fitila mai cajin rana zan fara saya, da kalkuleta irin wadda ake yarda a shiga da ita jarrabawa, da akwatin kayan zanen lissafi.

Akwai abin da ke hannunki wanda ba a saye da kuɗi, wato lokaci. 'Ya mace ta dawo makaranta, ta yi wanke-wanke, ta tafi Islamiyya, ta dawo ta ɗora tukunya, sai bayan Isha'i ta buɗe littafi da ragowar ƙarfinta. Wataƙila karatun daren da kike gani rabinsa gyangyaɗi ne. Ban ce a ɗauke mata aikin gida ba, amma a raba shi da 'yan'uwanta, har da maza. Ki ba ta awa ɗaya bayan sallar Asuba wadda ba mai aikenta, ta sa Lissafi ko Kemistiri a nan, lokacin kai na sabo gari kuma da sanyi, musamman a watannin bazara. Yammacin Alhamis da Juma'a da ba a zuwa Islamiyya su zama na tsofaffin tambayoyi. Ta kuma yi barci isasshe, don a cikin barci ne abin da aka koya yake zama. Kwanan zaune ana gobe jarrabawa ba ya ƙara komai.

Ta kuma daina raina gwaje-gwajen aji. Makin da makaranta ke tarawa tun daga aji ɗaya ana tura shi WAEC, kuma yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na sakamakon ƙarshe.

Game da JAMB, tunda lafiya take so, Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks za ta rubuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. In kin raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu rubutawa daga waje. Yarinyar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba tana iya asarar minti goma na farko a rawar hannu. Ba sai ta iya buga rubutu ba, haruffan A, B, C da D ne na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya. Idan ta shiga aji uku ki biya mata zama kaɗan a cibiyar da ake gwaji da kwamfuta, ta kuma yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ɗin kanta take shiryawa kafin ta gaske. Nan kuɗi yake da amfani. Akwai kuma littafin labari da hukumar ke sawa a karanta, ana sauya shi lokaci zuwa lokaci, sai ta tabbatar da na shekararta ta karanta shi da kanta.

Tun yanzu ki duba takardunta. Ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunanta da ranar haihuwarta su zama iri ɗaya a NIN da rajistar makaranta da ta WAEC da NECO, harafi da harafi. A'isha a nan, Aishatu a can, ya isa ya tsayar da yarinya a ƙofar jami'a, gyaran kuma yana cin watanni. Layin wayar da za a yi rajista da shi ya zama naku na gida, a adana shi, kada a yi da layin mai shagon kwamfuta.

Za a zo miki da wata shawarar idan ta kai aji uku, cewa a mayar da ita wata makaranta ta ƙauye inda ake "taimakon" yara, ko a biya kuɗi a wani zauren WhatsApp da ke turo amsa. Hajiya, ki toshe kunnenki. Yawancin masu turo amsar 'yan damfara ne, hukumomin jarrabawa kuma duk shekara suna riƙe sakamakon waɗanda aka zarga, wani lokaci a shafi cibiya gaba ɗaya har da wanda bai ji ba bai gani ba. Ko an tsira, kwamfutar JAMB tana gaba, ga jarrabawar tantancewa ta makarantar da take nema. Wadda za ta riƙe allura ta auna wa majinyaci magani, wannan rabon 0.1 da 0.25 ɗin zai biyo ta har gadon asibiti, kuma ran mutum ne a wurin.

Abin da ake nema kiredit biyar ne, daga C6 zuwa sama, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. In da hali ta rubuta WAEC da NECO duka, domin makarantu da yawa suna karɓar haɗin sakamako biyu, ko da yake a likitanci jami'o'i da dama zama ɗaya suke so, sai a duba ƙa'idar kowace a kundin JAMB kafin a cike fom. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuma da yawa, don haka ta buɗe wa kanta ƙofa fiye da ɗaya. Ban da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, akwai makarantar aikin jinya a Katsina, ta ungozoma a Malumfashi, da na kimiyyar lafiya a Kankiya da nan Daura. In kuma darasi ɗaya ya kuɓuce mata, akwai jarrabawar 'yan waje ta WAEC da ta NECO da ake yi a ƙarshen shekara, akwai kuma makarantar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Idan kun yi gwaje-gwajen nan biyu, ki aiko mini da abin da kuka gani, sai mu tsara mata jadawalin zango mai zuwa a kansa.